Ba kowane shiru ne aljani ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammad da alayensa da sahabbansa. 

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci yana riƙe da hannun ɗansa. Masunci ne, cikin mutanenmu na bakin ruwa. Da izninsa nake rubuta wannan, kuma ba zan faɗi suna ko unguwa ba. Ya ce, "Liman, don Allah a yi wa yaron nan ruƙiyya. Tun da sakamakon JAMB ya fito ba ya ci, ba ya barci, ba ya magana. Uwarsa ta ce iska ce."

Na ce, "Baba, bar min shi tukuna." Muka zauna ni da yaron a kan tabarma. Kusan rabin awa ba abin da na samu daga bakinsa sai "ba komai, Malam." Da ƙyar ya buɗe. Ashe karo na biyu ke nan da ya rubuta jarrabawar. Babansa ya sayar da taru ya biya kuɗin rajista da na darasi. Ranar da sakamako ya fito, a gaban ƙannensa aka ce masa an yi asarar kuɗi, ga ɗan maƙwabta can Sakkwato yana karatun likita. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in na kwanta, sai in ji da ma kada in farka."

Na yi masa ruƙiyya, domin Alƙur'ani waraka ne, babu mai musun wannan. Amma na gaya wa mahaifinsa gaskiya: ni ban ga alamar aljani ba, yaro na gani wanda kaya ya yi wa nauyi.

Mu manya muna mantawa da abin da yaran yankin nan suka girma suna gani. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife da mutane a kusa da Wara, aka yi kwanaki ana ciro gawawwaki. Makonni uku kacal bayan haka, ranar Alhamis 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. 'Yan matan da suka rage a hannunsu ba su dawo ba sai a 2023, kusan shekara biyu a daji. Ba a gama mantawa ba, a Nuwamban 2025 sai ga Maga, sai ga Papiri a tsallaken ruwa. Yaron da ke aji shida na sakandare yau, yana ƙarami duk waɗannan suka faru a kunnensa. Akwai wanda ƙarar babura da dare ke hana shi barci har yanzu. Shi ne kuma muke so ya kawo mana kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ya haura maki 200 cikin 400, in bai yi ba a ce malalaci ne. Haba jama'a!

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da ake jefa wa irin waɗannan yara da sunan addini, wai mai imani ba ya damuwa. Wa ya faɗa? Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Allah da kanSa Ya ba mu labarin a Suratu Yusuf, kuma ba a matsayin aibi ba. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman sira Amul Huzni suke kiranta, wato shekarar baƙin ciki. Cikin addu'o'in da Anas (RA) ya ruwaito Manzon Allah (SAW) yana yawaita yi, kamar yadda ya zo a Bukhari, akwai neman tsari daga hammu da hazan. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun bambance su: hammu fargabar abin da ke tafe, hazan ciwon abin da ya wuce. Ɗalibi ya san su duka biyun, ɗaya kafin jarrabawa, ɗaya bayan sakamako.

Akwai kuma hadisin Abu Umair, ƙanen Anas, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaro ya shiga damuwa. Shugaban halitta, da duk lamuran al'umma a wuyansa, ya lura, ya tsaya ya kira shi da alkunya ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Tsuntsu fa! Ibnul Ƙass, malamin Shafi'iyya, ya ciro fa'idoji har sittin daga wannan hadisi kaɗai. Ni dai wadda ta fi tsaya min a rai ita ce bai raina damuwar yaro don ƙanƙantarta a idon manya ba.

Batun zuwa asibiti ma wasu gani suke kamar baƙon abu ne daga Turawa. Tun muna jami'a na ci karo da littafin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, mai suna Masalihul Abdani wal Anfus. Sama da shekara dubu ke nan ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko asara, wanda nasiha da lallashi da gyara tunani ke yi wa magani. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya danne shi, ya raba shi da jin daɗin komai. Wannan ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar maganin likita. Saboda haka in yaro ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ya daina shiga mutane, balle ya fara maganar mutuwa, a yi addu'a, a kuma kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa awon jini ba mutuwa ba ce.

Shi kansa makin da muke yanke wa 'ya'yanmu hukunci da shi, aikin 'yan Adam ne da na'ura. A 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka rubuta JAMB, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa an samu kuskure a na'urori, aka ce kusan ɗalibai 380,000 na Legas da Kudu maso Gabas su sake rubutawa. Kafin wannan bayani ya fito, jaridu sun ruwaito wata yarinya 'yar shekara 19 a Legas ta kashe kanta saboda makin da ta gani. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iyaye, na san kuɗin nan ba tsintarsu kuka yi ba. Albasa ce da shinkafa da kifi, da zufar damina da sanyin ruwa. Kuna da haƙƙin ku tambaya, ku ma yi faɗa in an yi wasa. Amma a yi a ɓoye, ba a gaban ƙanne ba, kuma a bar ɗan maƙwabta ya huta. Arziki ba a takarda ɗaya Allah Ya ɗaure shi ba. Ga shekara mai zuwa, ga kwalejin ilimi, ga ta kiwon lafiya, ga sana'a.

Kai kuma ƙanena ɗalibi, da ke ƙanwata: ku yi karatu iya ƙoƙari, ku yi barci, kada ku sayar da sallar Asuba don karatun dare. Ku nisanci ƙwayoyin da abokai ke cewa suna hana barci ko kore damuwa, ramin da suke jefa mutum ya fi wanda yake ciki zurfi. In tunanin kashe kai ya zo maka, ranka amana ce, ba ka da ikon taɓa shi, amma zuwan tunanin bai mayar da kai kafiri ba. Kada ka kwana da shi kai kaɗai. Gaya wa mahaifiyarka, ko yayanka, ko malamin da ka yarda da shi, yau ɗin nan.

Shi wancan yaro, mahaifinsa ya kai shi ya ga likita, ya fara cin abinci, yana kuma zuwa karatun Ahalari bayan Magriba. Bai gama warwarewa ba, ku sa shi a addu'a. Duk ɗalibin da yake son magana, ina masallaci tsakanin Magriba da Isha'i, kuma abin da aka faɗa min a nan zai tsaya.

Allah Ya yaye wa 'ya'yanmu damuwa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.