Mai Ƙaramin Jari da Lissafin Shekara

Karatu: Luka 14:28-30, Yaƙub 4:13-15.

Da yawa daga cikinmu a nan ƙasar Daura da ƙaramar sana'a muke cin abinci. Wani tela ne, wata tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wani kuwa yana kiwon awaki ya kai kasuwar Mai'adua. Sa'anda sabuwar shekara ta kama, kowa yakan ƙulla buri a zuciyarsa. Wannan ba laifi ba ne. Amma wajibi ne mu auna burin da abin da Allah ya sa a hannunmu, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mutumin da ya sa harsashin gini bai yi lissafi ba, ya kāsa gamawa, ya zama abin ba'a. A kan wuyar zama almajirinsa yake magana, amma ya ɗauko misalin daga abin da kowane ɗan kasuwa ya sani. Bari mu koyi abu uku.

Na fari, mu san jarinmu. Mu raba uwar kuɗi da riba, mu rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace yamma. A ce mai ƙuli-ƙuli tana samun ribar naira 5,000 a mako. Idan ta bi shawarar da Yusufu ya ba Fir'auna cikin Farawa 41, ta ajiye kashi ɗaya cikin biyar, naira 1,000 ke nan. Shekara mako 52 ce, amma kada ta lissafta su duka. Akwai aikin gona, da ciwon yara, da biki, da rasuwa. Ta lissafta mako 40: naira 40,000. Wannan ya isa ta ƙara sayen gyaɗa da kaka, sa'anda take araha. Amma idan ta ce lalle sai ta sayi injin markaɗe bana, ta ci bashi dominsa, wataƙila ta rasa injin da jarin gaba ɗaya.

Na biyu, mu san lokatai. Watannin shekara ba daidai suke ba. Da kaka akwai kuɗi a hannun manoma. Da tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, ciniki kuma ya yi sanyi. Tela yakan cika da aiki gab da Sallah da Kirsimeti, bayan haka keke ya yi shiru. Wanda ya auna shekara duka da watan da ya fi samu, ya ruɗi kansa.

Na uku, mu bar wa nufin Allah wuri. Manzo Yaƙub ya tsauta wa fatake masu shirya cinikin shekara guda kamar gobe tana hannunsu. Mu da muke bakin iyaka mun ga gaskiyar wannan da idonmu. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a soma buɗe su ba sai Disamba na 2020. A 2023, bayan juyin mulki a Nijar, aka sāke rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris na 2024. A 2023 ɗin kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau. Wanene cikin masu bin hanyar Kongolam zuwa Damagaram ya sa waɗannan cikin lissafinsa? Saboda haka faɗin "in Allah ya yarda" a baki kaɗai bai isa ba. Mai faɗinsa da gaskiya ba ya zuba dukan jarinsa cikin kaya ɗaya, ba ya kuwa cin bashin da ba zai biyu ba sai kome ya tafi daidai.

Kada mu ce wannan zancen kuɗi ne kawai. Mu kaɗan ne a tsakanin maƙwabtanmu, da yawa kuwa ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma suna ganin mudunmu da alkawarinmu. Telan da ya karɓi riguna 30 na Sallah, alhali 20 yake iya ɗinkawa, zai yi wa mutum 10 ƙarya. Mai bi da ke ɓuya wa mai binsa bashi ya jawo wa sunan Kristi zargi.

Domin wannan, kafin watan nan ya ƙare, bari maigida da uwargida su zauna tare, su fara keɓe rabon Ubangiji, kāna su rubuta nawa za su ajiye, wane bashi za su biya, da abu guda da za su ƙara a sana'a. Su sa takardar a gaban Allah cikin addu'a, su riƙa duba ta kowane wata uku. Ubangiji ya ba mu hikima da wadar zuci, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.