Rabon Mai Tamowa

'Yar'uwa, bari in fara da ke. A ce kin kai ɗanki asibiti, ma'aikaciyar lafiya ta zagaya masa ɗan tef a damtse, ya tsaya a kan ja, wato kaurin hannun bai kai santimita 11.5 ba. Ta ce tamowa ce mai tsanani, ta ƙirga miki ledojin abincin nan na gyaɗa da madara da ake kira RUTF, ta ja miki kunne cewa nasa ne shi kaɗai. Kin dawo gida. Watan Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Kina yaga leda, yayyensa uku suka zagaye ki suna kallon hannunki. Su ma ke kika haife su. In kin hana su, adalci kika yi ko son kai?

Wata uwa ta yi mini wannan tambaya bayan sujada a wani ƙauye kusa da Kiyawa, na kasa amsa mata nan take. Mun taso da sanin cewa uwa ba ta fifita ɗa a gaban akushi, mun kuma karanta abin da fifikon Yakubu ya jawo wa Yusufu. Tsoronta ba na banza ba ne.

Amma ki lura, abin da ke cikin ledar magani ne, siffar abinci kawai aka ba shi. Gwargwadon nauyin yaron ake ƙirga ta, kuma sai ya yi makonni shida zuwa takwas yana sha kafin ya murmure. In an raba ta huɗu, ukun ba su ƙoshi ba, shi kuma bai warke ba. Da allura aka rubuta masa, za ki ce a tsira wa kowa kaɗan don kada wani ya ji haushi? Raba daidai da yin daidai ba kullum suke tafiya tare ba. Yayyen za su iya jure yunwar yau, shi wannan ba lallai ya ga kaka ba.

Haka ma tallafin mai ciki. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu kwana 1,000 ne, a nan ake gina jiki da ƙwaƙwalwa, abin da aka rasa a ciki da wuya a maido shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da yara shida cikin goma a Jigawa sun tsumbure. Shirin CDGP da Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2013 zuwa 2019 ya riƙa ba mata masu ciki a Buji da Gagarawa da Kirikasamma naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara biyu. A hannun matar ake sa kuɗin, ba a hannun mijin ba, kuma da gangan aka yi haka.

To, ɗan'uwa mai gida, na zo kanka. Na san za ka ce kai ne kan gida, in ka sayi hatsi da irin wannan kuɗi kowa zai ci. Ban ƙi ba. Kuɗi ba kamar ledar magani ba ne. In ya zama wake da ƙwai da kifi a tukunya, madalla, muddin mai shayarwa ba ita ce ta ƙarshe a ci ba. Amma in ya tafi katin waya, ko ka kai ledar yaron kasuwa ka sayar, ka tuna labarin da annabi Natan ya ba Dawuda na wanda ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Babu matalaucin da ya kai jariri, ko bakin kai ƙara ba shi da shi. Mu masu wa'azi ma mu kiyaye: kada wani ya ɗauko labarin Iliya da gwauruwar Zarefat don ya karɓi wannan kuɗi a matsayin baiko.

Sai dai yayyen nan uku har yanzu suna tsaye suna kallo, kuma bayanin santimita ba ya cika musu ciki. Nan ne na ga tambayar ba ta uwar kaɗai ba ce. Da aka yi gunaguni a ikkilisiyar farko kan gwauraye da ake mantawa da su wurin rabon abinci, manzanni ba su ce su ƙara haƙuri ba, mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora musu aikin. In 'yar'uwarmu tana zaɓa tsakanin 'ya'yanta alhali muna zama da ita a benci ɗaya kowace Lahadi, da hannunmu a ciki.

Kai da ke karantawa, ka san gidan da aka ba yaro wannan leda a unguwarku ko a ikkilisiyarku? Mudun gero da na waken soya da ɗan gyaɗa, in an soya an niƙa, za su yi wa yayyen kunu na kwanaki. Ka kai wa shugabar zumuntar mata kafin Lahadi, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba tare da ta kunyata kowa ba.