Sunayen da ke shafin baya

A garin Betlehem na jihar Pensilbaniya, can Amurka, akwai ƙungiyar mawaƙa da J. Fred Wolle ya kafa a 1898 don rera waƙoƙin Bach, shahararren Bajamushen nan. Mawaƙanta 'yan sa-kai ne, kowa da sana'ar da yake ci da iyalinsa, sai an tashi aiki su haɗu su yi ta bita. Babban bikinsu a watan Mayu yake, a majami'ar Packer ta Jami'ar Lehigh, a Disamba kuma su yi na Kirsimeti.

Muryar ce kawai kyauta. Masu goge da masu busa sai an sallame su, zaure sai an biya, takardu sai an buga, kuɗin ƙofa kuwa ba ya kaiwa. A irin waɗannan bukukuwa akan miƙa maka ɗan littafin shiri kana shiga. Ka juya zuwa bayansa, nan za ka tarar da masu cike giɓin: bankin gari, gidan burodi, likitan haƙori, mai garejin mota. Wani ya sayi rabin shafi, wani nasa bai fi faɗin yatsa uku ba. Da wuya mai kallo ya tsaya karanta su, ni kuwa ina ganin su ne ginshiƙin abin.

Tarihin ƙungiyar ya isa shaida. Da Wolle ya koma Kalifoniya a 1905, waƙa ta yi shiru. Ba ta farfaɗo ba sai 1912, bayan ya dawo, da goyon bayan Charles Schwab, shugaban kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel. Amma ba a rataya komai a wuyan attajiri ɗaya ba. An kafa tsarin masu lamuni, mutane da dama da suka yi alkawarin cewa in an rufe lissafin shekara aka ga asara, za su raba su biya.

Kamfanin nan, da duk girmansa, ya kashe tandunsa na garin a 1995, ya karye a 2001. Ƙungiyar tana nan tana waƙa.

Mu mun saba da mawaƙi da ubangidansa, irin Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa: kyauta ta fita, yabo ya dawo. A can mai burodi ba ya jin sunansa cikin waƙa, ba wanda ke yi masa kirari. Gaskiya ne baƙi na cika garin lokacin biki, ciniki ya ɗan motsa, amma ba na jin wannan kaɗai ya sa yake bayarwa duk shekara. Sau da yawa wadda ke tsaye a sahu na biyu na mawaƙan maƙwabciyarsa ce, ko malamar ɗansa.

Tun 2005 ƙungiyar ta ƙara da waƙar tsakar rana a majami'ar Morabiyawa ta tsakiyar gari, shiga kyauta, ma'aikaci ya zo a lokacin hutunsa ya saurara ya koma bakin aiki.