Tsimin Mota da Wadar Zucin Mai Ita

A watan Disamba na 1997, daidai lokacin da wakilan ƙasashen duniya suka hallara a birnin Kyoto suna ja-in-ja kan hayaƙin da ke ɗumama duniya, kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan. Ita ce mota ta farko da aka ƙera da yawa aka zuba a kasuwa wadda ke tafiya da ƙarfi biyu, injin fetur da injin lantarki mai batir. A Disamba na 2011 ƙanwarta Aqua ta biyo baya, ƙarama mai sauƙin kuɗi, wadda Amurkawa suka sani da Prius c. A 2012 kuma Turawa suka sami Yaris mai irin wannan haɗi. Dillalai na kiran su haibirid. Yanzu waɗannan motoci sun manyanta, akwai mutanen da suka shafe fiye da shekara goma suna zaune da su, kuma zaman nasu ya taso da wata tambaya da ta girmi mota: idan na'ura ce ta hana mutum ɓarna, shi ke nan ya zama mai tattali?

Abin da ke fara ba sabon shiga mamaki shi ne shiru. Ya danna maɓalli, fitila ta kawo a gabansa, amma babu ƙarar tashin inji, babu girgiza. Ya saki birki, mota ta silale. Sai ya taka totur da ɗan ƙarfi sannan injin fetur ya farka. Ya iso danja ko ya faɗa cunkoso, injin ya mutu da kansa, alhali na gefensa suna ta ƙona mai a tsaye. Idan ya taka birki, ƙarfin da ke tashi a banza ya zama zafi a sauran motoci, a nan injin lantarkin ne ke tattara shi ya mayar wa batir. Shi ya sa birkinta ke daɗewa bai cinye ba, shi ya sa kuma ta fi nuna bajintarta a cikin gari fiye da kan babbar hanya. Ba a jona ta da wuta, ita ke cajin kanta. Aqua ta farko tankinta lita 36 ne kacal. Gwajin Japan ya ce tana yin kilomita 35 da ɗoriya a kan lita ɗaya, gwajin Amurka kuwa, wanda ya fi kusa da tuƙin yau da kullum, ya tsaya a wajen kilomita 21. Ko da ƙaramin lissafin aka ɗauka, mai ita zai daɗe bai ga ma'aikacin gidan mai ba.

Babban tsoron masu saye tun farko shi ne batir. Ana ta cewa bayan shekara uku ko huɗu zai mutu ya bar mutum da gangar jiki. Lokaci ne ya ba da amsa. Wani direban tasi a birnin Vancouver na Kanada ya sa Prius a aikin haya tun shekarar 2000, ya zuba mata fiye da kilomita dubu 300 cikin kimanin shekara biyu, har kamfanin ya karɓe ta ya ba shi sabuwa don injiniyoyi su buɗe su ga abin da ya cinye. A 2011 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada wata ƙirar 2002 da ta haura mil dubu 200, ta tarar shan manta kusan daidai yake da na sabuwar da ta gwada shekaru da dama kafin nan. Dalilin yana cikin yadda aka tsara kwamfutar motar. Ba ta barin batir ya cika maƙil, ba ta kuma barin sa ya ƙare ƙaf. Tana riƙe shi tsakanin kusan kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari. Duk wanda ya zauna gaban malami zai tuna hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan raba ciki gida uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi: abin da ba a cika shi har wuya ba ya fi jimawa da lafiya.

Sai dai batir ba shi da lada. Bai taɓa jin kwaɗayi ya danne ba, an rubuta masa iyaka ne ya tsaya a kanta. A nan ne maganar ta fita daga gareji ta shiga zauren malamai. Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da hadisin niyya, wanda ya rataya darajar kowane aiki a kan abin da mai shi ya ƙudurta. Aristotil na Girka ma ya kai ga wani abu makamancin haka ta tasa hanyar: aiki ba ya zama halin kirki sai mai yin sa ya san abin da yake yi, ya zaɓe shi don kansa, kuma ya saba da shi har ya zame masa jiki. Injin da ya mutu a danja bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa a madadin direba ba. Mai motar yana iya kasancewa almubazzarin da ke barin fanfo na zuba a gida, yana zubar da tuwo a bola, motarsa kuma tana ta yi masa tsimi ba tare da ya ko lura ba.

Wani zai ce ai sayen ma zaɓi ne, kuma wanda ya saye ta da nufin rage ɓarna yana da ladan nufinsa. Gaskiya ne, babu mai hana shi. Amma zaɓin rana ɗaya ne, hali kuwa abu ne na kullum. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yana alwala da ruwa mudu guda, ɗan abin da bai wuce cikin tafi biyu ba. Mudun ba ya hana kowa ƙara ruwa, hannu ne ke tsayawa, sau biyar a rana. An kuma ruwaito cewa ya hana Sa'adu ɓarnar ruwan alwala ko da a bakin kogi mai gudu yake. Abin lura a nan shi ne arhar abu ba ta halatta ɓarnarsa. Ruwan kogi kyauta ne, amma ma'aunin bai faɗi ba.

Wannan kuwa shi ne ainihin ramin da mota mai tsimi ke haƙa wa mai ita. A 1865 masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da aka gyara injunan tururi suka rage cin kwal, ƙasar ba ta rage ƙona kwal ba, ƙaruwa ma ta yi, domin da aikin ya yi arha kowa ya shigo cikinsa. Masu binciken sufuri sun ga ɗan'uwan wannan a wajen direbobi: idan kilomita ta yi sauƙi, wani kaso na man da aka yi tsiminsa yana komawa cikin ƙarin tafiye-tafiye. Ba duka ba, amma wani kaso. Mutumin da a da yake takawa zuwa masallacin unguwa ko shagon bakin layi, yanzu sai ya ce ai ba ta shan komai, ya ɗauki makulli. Yaron da ake aika da ƙafa ya koma jiran a kai shi. Lita ta ragu a kowace tafiya, tafiyar kuma ta hayayyafa. Suratul Isra'i ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa abin dubawa shi ne inda aka kashe dukiya, ko da kaɗan ce. Tafiyar da ba ta da dalili ba ta samun dalili don kawai ta ci rabin lita.

Akwai kuma rami na biyu a ɗaya gefen. Waɗannan motoci suna da ɗan allo a gaban direba mai nuna kibiyoyi na kai-kawo tsakanin inji da batir da tayoyi, da lambar da ke faɗin nawa aka sha. Allon malami ne na gaske, yana koya wa ƙafa laushi, yana hana fizgar mota da taka birki ba gaira ba dalili. Amma wasu yakan kama su har ya zama cuta. Za a ga magidanci yana jan jiki a tsakiyar titi ya tare bayin Allah a bayansa, ko ya hana iyalinsa na'urar sanyaya mota cikin zafin bazara, ko ya yi kamar bai ga maƙwabcinsa tsoho a bakin hanya ba, duk don kada lamba ta sauka. Wannan sunansa rowa, ko da an yi mata ado da maganar kare muhalli. Suratul Furƙan ta yabi waɗanda ke tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa. Kwamfuta tana iya toshe wa mutum gefen ɓarna, amma ba ta san komai ba game da haƙƙin wanda ke zaune a kujerar baya yana gumi.

Jarrabawar gaske tana zuwa ne a can wajen shekara ta takwas ko ta goma. Fenti ya dusashe, kujera ta fara tsagewa, ƙofa tana ƙara. A gefen kujerar baya akwai wata 'yar taga mai raga wadda fanka ke jan iska ta cikinta don sanyaya batir. Da yawan masu motar ba su ma san da ita ba. Ƙura da gashi da zaren tufafi su taru su toshe ta, ko a jingina mata jaka, batir ya yi ta dahuwa a ɓoye, domin zafi ne babban maƙiyinsa. Wata rana da safe fitilar gargaɗi ta kama, bakanike ya jona na'urarsa ya ce batir ya raunana. Nan zaɓi ya tsaya a gaban mai ita: ya canza 'yan sassan da suka mutu, ya sa sabon batir gaba ɗaya, ko ya rabu da ita. A daidai lokacin abokan aikinsa sun canza mota sau biyu, 'ya'yansa sun fara jin nauyin a sauke su a ƙofar makaranta, wani dangi ya jefa masa maganar cewa mutum kamarsa ya wuce wannan 'yar ƙwarya.

Babu laifi ga wanda ya canza don iyali sun ƙaru ko hanyar garinsu ta fi ƙarfin ƙaramar mota. Ibnu Hibbana ya ruwaito hadisin da ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwan jin daɗin rayuwa, tare da mace tagari da yalwataccen gida da maƙwabci nagari. Addini bai ɗora wa kowa wahala don a yabe shi ba. Amma wanda motarsa ke biya masa buƙata, ya gyara ta ya ci gaba da hawa duk da surutun mutane, shi ne ya yi abin da inji ba zai iya yi masa ba. Ƙera sabuwar mota na cin ƙarfe da wuta da ma'adinai masu yawa tun kafin ta motsa daga masana'anta, don haka duk shekarar da aka ƙara wa tsohuwa mai lafiya tsimi ne wanda allo ba ya nunawa. Wadar zuci a nan take, kuma ta fi duk litocin da aka tara nauyi.

Abin da ke faruwa a ƙasar da ta haifi motar ya ƙara fito da wannan fili. A Japan ana yi wa mota binciken dole mai tsada bayan shekara uku da saye, sannan duk bayan shekara biyu, abin da ke sa mutane da yawa sakin motoci da sauran ƙarfinsu. Jiragen ruwa su kwashe su. Birnin Ulanbato na Mongoliya, inda sanyin hunturu ke kai digiri 30 ƙasa da sifili, ya cika da tsofaffin Prius masu sitiyari a dama, suna haya a gari, suna kuma ratsa dajin makiyaya inda babu kwalta. Aqua ta bazu a Pakistan da Sri Lanka da Kenya da New Zealand. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kimanin kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Mai hannu na biyu da na uku su ne ke cin moriyar motar har ƙarshe, su ne kuma ake bari da mataccen batir a wuraren da masana'antun narkar da shi suka yi ƙaranci. Yabon ya tsaya a inda aka saye ta sabuwa, sharar ta sauka a wani wuri. Wannan ba adalci ba ne, kuma kamfanonin da suka ci ribar sunan tsabta suna da haƙƙi a wuyansu na bin kayansu har inda suka mutu.

Ko shirun nata ma ya zo da nasa haƙƙin. Makafi a Amurka ne suka fara kuka cewa ba sa jin tahowarta a mararraba, har aka sa hannu kan doka a farkon 2011, Tarayyar Turai ma ta wajabta daga 2019 a riƙa sa wa sababbin ƙira wata ƙara idan suna tafiya a hankali. Tsofaffin motocin da yawa ba su da ita. Mai tuƙa su a lungun da yara ke wasa, shi ne zai zame musu kunne.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta taɓa dubu, masu neman mota 'yar Kwatano sun fara tambayar dillalai wadda ba ta shan mai. Tambaya ce mai kyau, kuma haibirid amsa ce ta gaskiya ga mai zirga-zirgar cikin gari. Wanda zai saya ya sa a jona na'ura a duba lafiyar batir kafin ya biya, ya tabbatar akwai bakaniken da ya san aikinta a garinsu, ya riƙa share ragar fankar nan musamman lokacin ƙurar hunturu. Kuɗin man da za su rage masa a wata kuma ya yanke musu wurin zuwa tun kafin su shigo hannu, kuɗin makaranta ne, ko biyan bashi, ko wani ɗan'uwa da ke jiran taimako, domin idan bai yanke ba, yawo ne zai cinye su.