Darasi: Iliya a Gindin Itace, da Ɗan'uwa Mai Ciwon Sukari

A fara karanta 1 Sarakuna sura 19.

Annabi Iliya ya ga wuta ta sauko bisa Dutsen Karmel, amma saƙo guda daga wurin Yezebel ya kore shi zuwa jeji. Ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Mu lura da abin da Ubangiji ya fara yi masa. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Sau biyu mala'ika ya tashe shi domin ya ci ya sha. Tambaya da umarni sai daga baya, a Horeb, bayan tafiyar kwana 40.

A cikinmu akwai masu ciwon sukari. Kowace safiya ga gwajin jini, ga awon tuwo, ga tunanin kuɗin allura. Damuwa kuwa ba a zuciya kaɗai takan tsaya ba. Sa'ad da mutum ya firgita, jikinsa yakan saki sinadaran adirenalin da kotisol, su kuwa sukan sa hanta ta zubo sukarin da ta ajiye. Ga mai lafiya, insulin yakan kwashe shi. Ga mai ciwon, sukarin yakan hau; ya duba na'ura, ya ga lamba babba, tsoronsa ya ƙaru.

A shekarar 1979 Jon Kabat-Zinn ya soma koya wa marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts ta Amurka su zauna shiru, su sa hankali ga numfashinsu, su ga tunani ya zo ya wuce ba su bi shi ba. Daga masu bin Buddha ya koyo hanyar, ba kuwa za mu ɓoye wannan ba. Amma mu, a gaban Ubanmu muke yin namu shirun. Mu keɓe minti 10 kafin aikin yini. Mu ja numfashi a hankali, mu ambaci abin da ke damunmu da sunansa, mu miƙa shi ga Yesu. In hankali ya gudu zuwa kasuwa, gama lalle zai gudu, mu komo da shi ba tare da zargin kanmu ba.

Ga kashedi, 'yan'uwa. Rawar jiki da gumi da bugun zuciya alamun tsoro ne, alamun faɗuwar sukari ne kuma. Kadan na'ura ta nuna ƙasa da 70, wannan ba lokacin zaman shiru ba ne. A sha ruwan sukari nan da nan. Natsuwa ba ta maye gurbin magani. Kada kuwa wani dattijon ikilisiya ya ce da mai allura bangaskiyarsa ta kasa, ko ya tilasta masa azumi.

Mu tattauna: don me aka ciyar da Iliya kafin a yi masa tambaya? Wane ne a cikinmu yake ɗauke da wannan kaya shi kaɗai, wa kuma zai ziyarce shi a makon nan?