Amanar Da Ke Kan Teburin Ƙaramar Hukuma

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mutane da yawa idan aka ambaci shugabanci sai hankalinsu ya tafi ga shugaban ƙasa ko gwamna, su mance da cewa hukumar da talaka yake karo da ita kullum ita ce Ƙaramar Hukuma. Tun gyaran da aka yi a shekarar 1976, wanda ya maye gurbin mulkin En'e, ita ce mataki na uku na mulki a Nijeriya. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa guda 774, ya kuma ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ba da lasin na kekuna da amalanke, da sa ido kan shaguna da gidajen abinci.

To, duk wanda ya zauna a majalisar nan, ciyaman ne ko kansila, ya sani amana ya ɗauka. Allah Ya yi umurni a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su, a kuma yi adalci wajen hukunci tsakanin mutane. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, sai ya faɗa masa cewa muƙami amana ne, kuma wulaƙanci ne da nadama ranar Alƙiyama, sai fa ga wanda ya karɓe shi bisa cancanta, ya sauke abin da ke kansa.

Takarda ta farko da takan zo gaban majalisa ita ce ta kasafin kuɗi. Kuɗin nan kuwa, kason da ya fito daga asusun tarayya ne ko harajin da aka karɓa a kasuwa, dukiyar jama'a ce. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗauki kansa game da Baitulmali tamkar mai riƙon dukiyar maraya, daga nan kuma malamai suka kafa ƙa'idar cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa lalle ya rataya ga maslaharsu. Saboda haka idan asibitin ƙauye ba magani, rufin makarantar firamare ya yaye, magudanar ruwa ta toshe ga damina ta ƙarato, sannan majalisa ta fifita sayen sababbin motoci da kuɗin zama, to ta ci amana ko da kowane kwabo ya shiga littafin ma'aji. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk naira ɗaya da ta iso hannun majalisa, sai an tambaye ta inda ta kai ta.

Ta biyu ita ce maganar fili da muhalli. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, ta bar wa Ƙaramar Hukuma ikon ba da izinin zama bisa al'ada a filayen da ke wajen birni. Nan ne ake yawan zamewa. Sai a yanka fuloti a raba wa 'yan'uwa da 'yan jam'iyya, wani ya tara goma ya kewaye yana jiran su yi tsada, alhali magidanci mai 'ya'ya takwas yana cunkushe a ɗakin haya. Wani lokaci ma har filin makaranta da gefen maƙabarta da hanyar ruwa ba su tsira ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Sayyidina Umar kuwa, da ya ga Bilal ɗan Harisu ya kasa raya filin Aƙiƙ da aka yanka masa, sai ya bar masa gwargwadon abin da zai iya, ya raba sauran ga Musulmi.

Ta uku ita ce lasin da rumfunan kasuwa. Hukuma tana da ikon ta tsara sana'o'i domin kare lafiyar jama'a da hana algus, ta kuma karɓi kuɗin da doka ta ƙayyade ta ba da rasiɗi. Amma idan takardar mai shayi ta kwana wata uku a ofis don bai kai goro ba, ta mai hali kuwa ta fito a yini guda, wannan cin hanci ne ko da an sauya masa suna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya komo sai ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Sai Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi ya zauna a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta iske shi? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya yi inkari.

Jama'a su ma suna da nasu nauyin. Wanda ya ba da toshiya don a ƙwace rumfar wani a ba shi, ya yi tarayya cikin la'anar da ta tabbata a kan mai bayarwa da mai karɓa. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa kan sabulu da taliya, ya taimaka wajen danƙa amana ga wanda ba ahalinta ba. Ya kamata limamai da masu unguwanni da dattawa su riƙa neman a karanta musu kasafin garinsu, su yi nasiha cikin ladabi tun kafin a sa hannu, gama tun ran gini ake zane.

Allah Ya shiryi shugabanni da talakawa, Ya sanya tsoronsa a zukatan masu riƙe da amanar jama'a, Ya ba su ikon sauke ta tun kafin ranar hisabi, amin.