Zaton Mutanen Malita

Karatunmu na safiyar yau yana cikin Ayyukan Manzanni, sura 28. Wani jirgin ruwan Iskandariya mai ɗauke da alkama ya sha dukan guguwa, har dare na 14 yana gantali a teku, daga bisani ya farfashe a gaɓar tsibirin Malita, kudu da Sisili. Mutum 276 ne a ciki, kuma ba wanda ya rasa ransa. Cikinsu akwai Bulus, ɗaurarre, ana kai shi Roma gaban Kaisar.

Mutanen tsibirin nan mutanen kirki ne, kada mu manta. Ana ruwa, ga sanyi, suka hura wuta suka karɓi baƙin da ba su taɓa gani ba. Bulus ya tattaro ƙirare ya zuba a wutar, zafi ya koro maciji, ya maƙale masa a hannu. Nan take masu masauki suka gama shari'a a tsakaninsu: lalle wannan ya kashe rai, teku ta bar shi amma alhaki bai bar shi ba. Suka zuba ido su ga ya kumbura ko ya faɗi matacce. Da jira ya yi tsawo ba abin da ya same shi, sai suka juya suka ɗauke shi ɗaya daga cikin alloli. Ko sau ɗaya ba a nuna mana sun tambaye shi wane ne shi ba.

Halin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Gobara ta cinye shagon mutum, kafin toka ta huce an ce ai dukiyar ba ta halal ba ce. Mace ta daɗe ba ta haihu ba, sai a fara tono ƙuruciyarta. Haka abokan Ayuba suka yi masa, haka almajirai suka tsaya kan mutumin da aka haifa makaho suna neman wanda ya yi zunubi, shi ko iyayensa.

Amma abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne, zaton farko bai yi nisa da gaskiya ba. Ranar da aka jajjefi Istifanas, a gaban Bulus shaidu suka ajiye tufafinsu, kuma ya goyi bayan kisan. Ya bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Shi da bakinsa ya gaya wa sarki Agaribas cewa idan za a kashe masu bi, yakan ba da goyon bayansa. To, akwai jini a tarihin mutumin nan. Da wani ya ba mutanen Malita wannan labari a bakin wutar, da sun ce, ka gani ko?

Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a nan na ga dalili. Mai zato yana iya cankar abin da mutum ya aikata jiya, amma ba ya iya ganin abin da Allah ya yi da shi bayan haka. Mutanen Malita ba su san abin da ya faru da Bulus a hanyar Dimashƙu ba. Ba su san Hananiya ba, wanda ya shiga ɗaki da tsoronsa ya ɗora hannu a kan Bulus mai tsananta wa masu bi ya kira shi ɗan'uwa. Ba su san an riga an biya fansarsa ba.

A ƙasarmu yanzu ba mai bukatar a bayyana masa mece ce fansa. Mun ga iyalai sun sayar da gona da shanu don ɗansu ya dawo gida. Wanda aka fanso ba shi ya biya ba, kuma ba don ya fi kowa hali aka biya ba, don na gida ne. Allah bai yi zato a kan Bulus ba, ya san kome dalla-dalla, har abin da Bulus bai gaya wa kowa ba, duk da haka ya ba da Ɗansa dominsa. Haka ya san naka, haka ya san nawa.

Bulus bai tsaya wanke kansa ba, bai kuma ruɗu da ɗaukakar da suka ba shi ba. Ya karkaɗe macijin a wuta. Daga nan ya shiga wurin mahaifin shugaban tsibirin, wanda ke kwance da zazzaɓi da atuni, ya yi addu'a ya ɗora masa hannu, ya warke. Sauran marasa lafiya suka yi ta zuwa. Wata 3 ya yi a cikin mutanen da suka kira shi mai kisan kai.

Ya Ubangiji, akwai wanda na daɗe da yanke wa hukunci a zuciyata, ka san sunansa. Idan na haɗu da shi yau, ka ba ni bakin gaishe shi da kunnen sauraronsa. A cikin sunan Yesu, amin.